Yadda Za Ka Ci Moriyar Kaka a Ingila: Jagora Ga Ɗan Sakkwato Sabon Zuwa

Duk shekara idan Satumba ta kama, gero ya fara nuna a gonakin Boɗinga da Kware, wayata ba ta hutawa. Lokacin ne ɗalibanmu da ma'aikatan jinya ke tashi zuwa Birtaniya, kuma da yake an san na yi shekara huɗu a Shefild kafin in dawo gida, sai tambayoyi su yi ta zuwa. Na makonnin farko duk a kan masauki ne da asusun banki. Da Oktoba ta shiga sai tambayar ta sauya. Bara ɗan ƙanwata ya kira ni da dare, muryarsa a sanyaye, ya ce: "Kawu, garin ga kullum lumshi, daga aji sai ɗaki. Wai mi mutane ka yi ran Asabar a nan?"

Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan. Mu a wurinmu kaka lokacin walwala ne: rumbu ya cika, an fara dambe da kokawa a ƙauyuka, ana ɗaura aure. Su ma can lokacin girbi ne, suna da nasu ƙananan al'adu, akasarinsu kyauta ko da kuɗi kaɗan. Sai dai tasu kakar gajera ce, kuma abin da ke bin bayanta duhu ne mai tsawo. Na lura wanda ya saba fita a Oktoba yakan iya da Disamba. Wanda ya kulle kansa a ɗaki tun farko, shi ne ke kiran gida a Janairu yana cewa zai dawo. Birtaniya na sani, a kanta zan yi magana. Na Amurka da Kanada da Jamus sai su ɗauki abin da ya dace da su.

1. Zauna da kalanda tukuna

Ƙirga Asabar ɗin da ke tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Nuwamba. Ba za su wuce takwas ba. Ruwan sama zai cinye biyu ko uku, aikin makaranta ko aikin dare ya cinye wasu. Huɗu suka rage maka, don haka kada ka ce sai ka gama zama daram. Sa musu alama tun yanzu.

Tuffa tana nuna daga Satumba zuwa Oktoba. Kabewa ta Oktoba ce. Ganyen itatuwa yakan kai ƙarshen kyansa daga tsakiyar Oktoba zuwa makon farko na Nuwamba, ja da rawaya da ruwan goro, amma iska mai ƙarfi ta kwana biyu tana iya kakkaɓe shi duka. In ka sauka da wuri, a Satumba akwai kwanakin da suke kira Heritage Open Days, inda ake buɗe tsofaffin gidaje da gine-gine da yawa a Ingila a shiga kyauta.

Rana ɗaya ce ba na so ka manta: Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ƙarfe 2 na dare ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kafin ranar, lokacinka da na Sakkwato ɗaya ne. Bayanta, gida na gabanka da awa guda. Wayarka za ta gyara kanta, amma jikinka ba zai gyara ba, domin magaribar da jiya ta yi kusan ƙarfe shida, yau kafin biyar ta yi. Zuwa ƙarshen Nuwamba, a Shefild rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu. Mu da muka tashi magariba tana tsakanin shida da bakwai da 'yan mintuna duk shekara, wannan abin yana girgiza mu. Duk fitar da ke da nisa, yi ƙoƙari ka yi ta kafin a juya agogo.

Hattara: makon ƙarshe na Oktoba galibi hutun tsakiyar zango ne na 'yan makaranta. Gonaki da jirage sukan cika, wasu wuraren su ƙara kuɗin shiga. In ba ka da yara, kauce masa.

2. Sutura

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya shiga gwanjo a nan gida ya cika akwati da manyan rigunan sanyi. Hunturunmu busasshe ne, ƙura da tsagewar leɓe. Sanyin can jiƙaƙƙe ne, yayyafi da iska. Rigar da ta tsare ka a Sakkwato ranar da hazo ya sauko, can cikin minti goma za ta sha ruwa ta zame maka kaya.

Abin da kake buƙata hawa uku ne: riga mai kama jiki daga ciki, suwaita a tsakiya, sannan rigar ruwa mai hula daga waje. In tafiya ta ɗumama ka sai ka cire ta tsakiya ka sa a jaka. Takalmi shi ne inda ya kamata kuɗinka ya tafi, wanda ruwa ba ya shiga kuma ƙasansa yana da gargada, domin jiƙaƙƙen ganye santsi gare shi kamar kuɓewa. Ƙara safa mai kauri ƙafa biyu, hular sanyi, da safar hannu. Laima ba ta daɗewa a iskar can.

Fara da shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam da British Heart Foundation, waɗanda ke kusan kowane babban titi. Ni a irinsu na sami rigar ruwan da na yi shekara huɗu da ita, a ƙasa da fam 20. Kayan ciki Primark ya wadatar. Takalmi duba Decathlon ko manhajar Vinted.

'Yan'uwana mata, doguwar abaya tana jan taɓo, gefenta ya jiƙe ya riƙa bugun ƙafa da sanyi. Ki sa wando mai kauri a ciki, ki zaɓi rigar da ta tsaya a bisa idon sawu, ki cusa hijabi cikin rigar ruwa don kada iska ta yi ta fizgarsa. Maza kuma ku ajiye wandon jins ranar da ake sa ran ruwa, in ya jiƙe ba ya bushewa.

Tun da kana kanti, sayi ƙwayar bitamin D. Hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar shan maikurogiram 10 a rana a kaka da lokacin sanyi, masu baƙar fata irinmu kuwa duk shekara, saboda ranar can ba ta isar mu. Yawan kasala da ciwon gaɓoɓin da sababbin zuwa ke kuka da shi, wani lokaci daga nan yake.

3. Katin rangwame kafin tikiti

Jirgin ƙasa a Birtaniya yana da tsada, amma ba kowa ke biyan cikakken kuɗi ba. In shekarunka 16 zuwa 25 ne, sayi 16-25 Railcard, fam 35 a shekara, yana rage maka kashi ɗaya cikin uku na yawancin tikiti. Abin da da yawa ba su sani ba: ɗalibi na cikakken lokaci, ko ya haura 25, yana iya samun wannan katin in jami'arsa ta tabbatar masa. Akwai na 'yan 26 zuwa 30, akwai Two Together na mutum biyu da ke tafiya tare, akwai Family & Friends na masu yara. In ku uku ne zuwa tara, tambayi mai sayar da tikiti ko layin yana ba da GroupSave, wato rangwamen masu tafiya a rukuni.

Bas ya fi araha. A Ingila wajen Landan, yawancin bas ba ya wuce fam 3 a tafiya ɗaya tun Janairun 2025. A Landan bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki ko katin sufuri na Oyster.

Hattara: ranar Lahadi jirage da bas sun fi ƙaranci, kuma ranar ce aka fi gyaran layin dogo. Kafin ka bar gida duba lokacin jirgin dawowa, da wanda ke bin bayansa, ka ɗauki hotonsu, domin a daji sabis kan ɗauke. Katin rangwamen kuma dole ya kasance tare da kai. In mai duba tikiti ya nema ba ka da shi, tara ce.

4. Fitar farko: lambun unguwarku

Kada ka fara da tafiya mai nisa. Asabar ta farko buɗe Google Maps ka nemi koren wuri mafi kusa da masaukinka, ka taka zuwa can da ƙarfe goma na safe, cikin kayan da ka saya. Manufar ita ce ka gwada takalmin, ka ji inda sanyi ke shigar ka, kana kusa da gida. A Shefild akwai Endcliffe Park da lambun tsirrai na birnin, a Manchesta Heaton Park, a Lids Roundhay Park, a Birmingham Sutton Park, a Gilasgo Pollok, inda za ka ga shanunsu masu dogon gashi har ido. Duka ba a biyan ko sisi.

Mutanen da ba sa kallonka a cikin gari, a kan hanyar lambu ko daji sukan gaishe ka. Gaisuwar gajera ce, kalma ɗaya da murmushi, ba irin tamu mai tambayar gida da gajiya da iyali ba. Ka amsa ka wuce. In ka riƙa zuwa lokaci ɗaya kowane mako, fuskoki za su fara saninka. Dattijon da ya fara nuna mini hanyoyin dajin da ke bayan gari, a kan bencin lambu muka saba.

Karnuka suna da yawa, galibi a sake. Kada ka gudu, kada ka ɗaga hannu ko ka duƙa kamar mai ɗaukar dutse, irin yadda muke yi a gida. Tsaya cik, mai shi zai kira shi. In ya shinshina maka wando kada hankalinka ya tashi game da sallah: a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne.

A ƙarƙashin wasu itatuwa za ka ga 'ya'ya masu sheƙi ruwan ƙasa, yara na tsinta. Iri biyu ne masu kama da juna. Wanda suke kira konka, kwansonsa kore ne mai ƙayoyi gajeru jefi-jefi, ɗan ciki a mulmule. Wannan na wasa ne, yara kan huda shi su zura zare su riƙa gwabzawa, kuma guba ne, ba a ci. Cesnat da ake gasawa, kwansonsa cike yake da siraran ƙayoyi kamar bushiya, ɗan ciki yana da gefe a shafe da ɗan tsini a kai. In kana shakka, sayi na kanti. Ka tsaga bayan kowane ɗaya da wuƙa kafin ka gasa, in ba haka ba fashewa yake yi.

Hattara: kada ka ɗauki hoton 'ya'yan mutane, kada ka miƙa wa yaron da ba ka sani ba alewa, kada ka ɗauke shi don wasa. Abin da yake kirki a Sakkwato, can yana iya jawo maka 'yan sanda.

5. Shirya sallah da guzuri

Wannan matakin ne ke sa mutanenmu fasa fita, alhali shirinsa bai kai ya kawo ba. A Nuwamba azahar kan shiga kafin sha biyu, la'asar wajen ƙarfe biyu, magariba wajen huɗu. Ke nan duk fitar yini za ta haɗa da salloli biyu ko uku. Yi alwala a gida kafin ka fita, ka rage shan shayi da safe don ta daɗe. Sa 'yar sallaya mai leda a ƙasa cikin jaka, da gorar ruwa daban wadda za ta zame maka buta. Banɗakunan wuraren shaƙatawa takarda kawai ke ciki.

Alƙibla ba gabas ba ce kamar yadda bakinmu ya saba faɗa. Daga Ingila kudu maso gabas take. Duba manhaja, ka nemi gefe inda ba ka tare hanya ba, ka yi sallarka. Shekara huɗu ina yi a lambuna da bakin rafi, abin da na fi gamuwa da shi shi ne mutum ya ja karensa ya kauce ya ba ni wuri. In ku biyu ne ko fiye, hankali ya fi kwanciya.

Guzuri daga gida ya fi araha kuma ya fi tsarki. Fulas na shayi mai citta da kanumfari, burodi da ƙwai, dabino, ƙuli-ƙuli in ka zo da shi. Kofin shayi ɗaya a wurin yawon buɗe ido ya kusa kuɗin bas ɗinka.

In za ka saya a can, ga kalmomin da za ka gani a allo. Cider a Birtaniya giya ce ta tuffa, ko da an ɗumama ta tana ƙamshin kirfa; a Amurka kuwa kalmar kan nufi ruwan tuffa zalla, mai giyar su ce hard cider. Mulled wine giya ce. Hog roast gasasshen alade ne. Farar alewar nan mai laushi da ake gasawa a bakin wuta, galibi da gelatin na alade ake yin ta. Abin da ba shi da matsala: gasasshen dankalin turawa da wake ko cuku, masara, miyar kabewa in ka tambaya ba a sa romon nama ba, da tuffa mai rufin narkakken sukari.

Hattara tun daga gida: kada Inna ta cusa maka kilishi ko man shanu a akwati. Doka ta hana shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga Najeriya, za a ƙwace a filin jirgi, ana iya cin tararka.

Wata riba ta gajeren yini: mai ramuwar azumi, Nuwamba da Disamba ne lokacinsa.

6. Gonar tsinka da kanka

Rubuta pick your own tare da sunan garinku a intanet. Gonaki ne da ke barin mutane su shiga su tsinki tuffa ko su zaɓi kabewa da hannunsu, a auna su biya a bakin ƙofa. Ɗan Sakkwato da ya san fadamar Kwalkwalawa zai yi mamakin a ce mutum ya biya kuɗi don ya yi aikin gona, amma ka je. Wurin ne za ka ga iyalai a sake, kaka da jikoki cikin taɓo, kuma hira da manomi ba ta wuya in ya ji kai ma daga ƙasar noma kake. Na taɓa shafe rabin awa ina yi wa wani bayanin yadda muke adana gero a rumbu.

Bi wannan tsarin. Duba shafin gonar da safen ranar, domin sukan rufe in ruwa ya yi yawa ko 'ya'yan sun ƙare. Yawancin gonakin kabewa sai ka kama gurbi tun kafin ranar, kuɗin shiga 'yan fam kaɗan, kuɗin kabewa daban gwargwadon girmanta. Tabbatar bas yana isa wurin, don da yawansu sai da mota. In haka ne ku haɗa kuɗin tasi ku huɗu, ku kuma shirya ta dawowa tun kafin ku sauka. Tuffa ba a fizgar ta: tallabe ta a tafin hannu, ɗaga sama ka ɗan murɗa, in ta nuna za ta biyo ka. Tsinki daga layin da aka nuna maka kawai.

Kuskuren da na fi gani biyu ne. Na farko ci a cikin gona kafin awo. Ɗanɗana ɗaya wasu manoma ba sa damuwa, amma hakkin mutum ne, ka tambaya. Na biyu zari. Duk abin da ka tsinka sai ka biya, kuma kai za ka ɗauke shi zuwa tasha. Kilo biyu na tuffa ya ishi mutum ɗaya mako biyu.

7. Yini guda a daji

Wannan ce fitar da za ka daɗe kana tunawa, ita ce kuma ta fi son shiri. Zan ba da misali da wadda na fi sani. Daga tashar Shefild ka hau jirgin da ke bi ta kwarin Hope zuwa Manchesta, ka sauka a Grindleford, tafiyar kamar kwata ɗin awa. Kana fita daga tasha kana bakin Padley Gorge, kwari ne mai tsofaffin itatuwa da duwatsu masu gansakuka, rafi na gangarowa ta tsakiya. Ka bi rafin sama har ka fito fili a Longshaw. A ƙarshen Oktoba, in rana ta ratso ganyen, sai ka rasa abin cewa sai tasbihi. Ranar da na fara zuwa na tuna Goronyo bayan damina, ba don sun yi kama ba, sai don irin natsuwar da ruwa da itace ke saukar wa mutum.

Na Landan su hau layin Central na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Loughton ko Theydon Bois su shiga dajin Epping, ko su tafi Richmond Park, inda barewa fiye da 600 ke yawo a sake. Na Nottingham suna da Wollaton Park. Ƙungiyar Woodland Trust tana da dazuzzuka sama da 1,000 da ake shiga kyauta, shafinta zai nuna maka na kusa da kai. Mai son ya kashe kuɗi don ganin ganye, lambunan itatuwa na Westonbirt da Kew sun cancanta.

Daren jajibiri duba hasashen hukumar yanayi ta Met Office, ka yi cajin waya da na'urar ƙarin caji, ka sauke taswirar wurin. Gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. Fita da jirgin safe. Ƙa'idata ita ce in juyo awa biyu kafin magariba, ko ban kai inda na nufa ba. Na koyi wannan ne ranar da ni da wani abokina muka biye wa daɗin hanya a farkon Nuwamba, duhu ya rufe mu a cikin itatuwa, wayar ɗayanmu ta mutu, muka sauko muna laluben duwatsu masu santsi. Allah Ya tsare, amma abin bai yi daɗi ba. In wani ya ji rauni ko kun ɓace, lambar ita ce 999.

A Ingila ba kowace gona ake ratsawa ba. Bi hanyar ƙafa mai alama, galibi kibiya rawaya a jikin gungume. Ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta. In ka ga shanu da 'yan maruƙa, zagaya nesa. Ba su saba da mutum kamar na Fulaninmu ba. Kada ka hura wuta ko ka gasa nama, an hana a yawancin dazuzzuka da lambuna. Sharar ka ta koma jakarka.

Hattara da abu uku. Daga Satumba zuwa Nuwamba lokacin barbarar barewa ne, mazan suna faɗa kuma suna kai wa mutum hari. Hukumar Richmond Park ta ce a tsaya aƙalla mita 50 daga gare su. Na biyu kaska: tana cikin dogayen ciyayi, tana sa cutar da ake kira Lyme. Cusa wando cikin safa, ka duba jikinka in ka dawo. In ka ga jan zobe yana faɗaɗa a fata ko zazzaɓi ya biyo baya, kira 111, lambar neman shawarar NHS, ko ka ga likitanka. Na uku naman kaza. Kaka ce lokacinsa, yana fitowa ko'ina, wani irinsa ɗaya tak ya isa ya lalata hanta ya kashe mutum, kuma kamarsa ɗaya da na ci. Kalla da ido, ka hana yara taɓawa, haka ma jajayen 'ya'yan itace da ba ka sani ba.

8. Dare biyu masu hayaniya

Daren 31 ga Oktoba shi ne Halowin. Yara kan yi shigar dodanni su bi gida-gida neman alewa. Mu ba mu yi, kuma ba wanda zai tilasta maka. Al'adar ita ce gidan da ya ajiye kabewa mai fitila a ƙofa shi ake ƙwanƙwasawa. Kashe fitilar waje, kada ka sa ado, galibi za a wuce ka. In an buga, kana iya ƙin buɗewa, ko ka ba da haƙuri da fara'a. Masu yara a makaranta su zauna da su tun kafin makon su yi musu bayani, su shirya musu wani abin daɗi a gida a daren, don kada yaro ya ji an ware shi kawai.

Kafin nan, makarantun firamare kan yi bikin girbi, a ce yara su kawo abincin gwangwani ko taliya don a raba wa mabuƙata. Wannan sadaka ce, ku bayar. In za a yi taron a coci, makaranta takan sanar, kuna da damar cewa ɗanku ba zai je ba.

Daren 5 ga Nuwamba kuma na wuta ne, tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisar dokokinsu da aka bankaɗo a 1605. Tun kwanaki kafin ranar za ka riƙa jin fashe-fashe da dare. Ina faɗa maka tun yanzu domin wanda ya fito daga yankin da ya san ƙarar bindiga, kamar 'yan'uwanmu na gabashin Sakkwato, daren farko yakan firgita ƙwarai. Tartsatsin wuta ne na wasa. In kana son kallo, je wanda hukumar gari ko wata ƙungiya ta shirya. Wasu kyauta, wasu da tikitin da ke ƙarewa da wuri. Ko ka hau tudu a unguwa ka kalli na gari duka ba ka biya ba. Yi magariba da isha kafin ka fita, ka ƙara sutura fiye da ta rana domin tsayuwa za ka yi wuri ɗaya, ka riƙe hannun yara. Kada ka saya ka kunna a titi ko a lambun jama'a, laifi ne.

Ranar 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 na safe, in ka ga mutane sun tsaya shiru a tasha ko kanti, minti biyu ne na tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Ka dakata da waya har su gama.

9. Kawo kakar cikin tukunya

Kabewar da ka ɗauko daga gona, miyan taushe take jira. Sai dai manyan da ake sayarwa don sassaƙawa ruwa ne tsululu, ba su da garɗi. Tambayi manomi wadda ake ci, ko ka sayi doguwar nan mai wuya, butternut, ita ta fi kusa da tamu. Daga 1 ga Nuwamba farashin kabewa kan faɗi warwas a kantuna, sai ka saya ka yanyanka ka sa a firiza.

Naman rago da ƙashi daga mahautan halal, alayyafo daga kowane kanti, attarugu da daddawa daga shagon 'yan Afirka. Maimakon niƙaƙƙiyar gyaɗa, sayi man gyaɗa mai kauri na kwalba, amma karanta jikinsa ka tabbata ba sukari. Tuwo kuwa, gajeriyar shinkafar da suke yin fate mai zaƙi da ita, pudding rice, tana tuƙuwa sosai. Tuffar da ta rage, yanka ta ka dafa da kirfa da ɗan sukari, a ci da yogot.

Hattara: buɗe taga ka kunna fankar murhu, ka rufe ƙofar kicin kafin ka soya albasa. Ƙararrawar hayaƙi a masaukin ɗalibai ba ta da haƙuri, in ta tashi duk ginin ake fitarwa waje cikin sanyi.

Kada ka ci kai kaɗai. Sa rana, Lahadi bayan azahar ta fi, ka kira mutum biyar: 'yan gida biyu, sauran maƙwabtan ɗakinka ko abokan aji ko daga ina suke. Tambaye su tun farko ko akwai wanda gyaɗa ke yi wa illa, domin can abin da yawa kuma yana kisa. In akwai, raba tukunya ka yi tasa ba gyaɗa, da cokali daban. Rage yaji, ka ajiye dakakken a gefe ga mai so. In kana son Inna ta ga tuwon ta bidiyo, kira ta kafin ƙarfe biyar naka, domin a Sakkwato shida ta yi, ana shirin kiran magariba.